“Bari In Tambayi Waya”: Ƙirƙirarriyar Basira da Lafiyar Gidanka

Wataƙila kana zaune a rumfar jira da wannan ɗan littafi a hannu, ko kuwa wani ne ke karanta muku shi bayan an tashi daga taro. Maganar da ke ciki ta shafe ka ko da ba ka da babbar waya. Ɗanka da ke makaranta a Maraɗi ko Damagaram yana da ita. Ƙanenka da ya tafi cin rani Kano ko Abijan yana da ita. Ran da ciwo ya kama wani a gida, ba mamaki ɗayansu ya ce, “Ku dakata, bari in tambayi waya.” Sai ya rubuta tambaya, wayar ta ba shi amsa nan take, dogon bayani a tsare, kamar da wani babban malami a ɓoye a cikinta.

Abin da ke ba da wannan amsa ana kiransa ƙirƙirarriyar basira. Masu Turanci suna ce mata AI, masu Faransanci kuma IA. Wasu suna tsoronta, suna cewa aikin aljanu ne. Wasu kuma sun yarda da ita fiye da yadda suka yarda da likita. Duka biyun suna iya jawo wa mutum hasara, amma na biyun ya fi kai mutane kabari. Don haka bari mu duba yadda take aiki.

Yadda ake koya wa na'ura

Ka tuna yadda yaro ke koyon kiwo. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa darasi. Yana bin yayansa daji, yana ganin awaki da tumaki kowace rana, in ya yi kuskure a gyara masa. Kafin damina biyu, daga nesa yana rarrabe nasu da na maƙwabta. Har yakan gane wadda ba ta da lafiya daga yadda ta sunkuyar da kai ta ware gefe.

Kusan haka ake yi wa kwamfuta. A nuna mata hoto dubu bisa dubu, a ce wannan akuya ce, wannan tunkiya. Ta canka, in ta yi kuskure a gyara lissafinta, ta sake canka. Bayan an maimaita sau miliyoyi, sai ta fara faɗin daidai ko a kan hoton da ba ta taɓa gani ba. Sai dai yaron nan ya san akuya. Ya tatse ta, ya ji warinta, ta tunkuye shi ya yi kuka. Ita kwamfuta, hoto a wurinta ɗigo-ɗigo ne masu lamba, lissafi kawai ta yi a kansu.

Wadda ke hira da mutum kuma da rubutu aka ciyar da ita: littattafai, jaridu, da abin da mutane suka rubuta a intanet, na gaskiya da na ƙarya, fiye da abin da mutum zai karanta ko da zai shekara dubu a duniya. Daga nan ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace. In na ce maka “Gani ya kori…”, ai ka san abin da ke biye tun ban ƙarasa ba. Haka take haɗa amsarta, kalma bayan kalma, tana zaɓen wadda ta fi dacewa da wurin. Bayan haka an ɗauki mutane aiki suna duba amsoshinta, suna nuna mata wadda ta fi kyau. Shi ya sa maganarta ke da ladabi da daɗin ji. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1950 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya yi rubutu yana tambaya ko na'ura za ta iya tunani. A 1956 wasu masana suka taru a kwalejin Dartmouth a Amurka, a nan ne sunan ya kafu. A 1997 wata kwamfuta ta kamfanin IBM ta cinye zakaran duniya, Garry Kasparov, a wasan dara irin na Turawa. Duk wannan lokaci talaka bai san ana yi ba. Sai a ƙarshen Nuwamba 2022, da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, abin ya shigo hannun kowa. A 2024 kuma aka sa irinta cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, har da Najeriya da Gana.

Inda ta yi rana

Mu fara da tarin fuka, wato tibi. Wannan cuta tana kashe mutum fiye da miliyan ɗaya kowace shekara a duniya, alhali tana da magani. Babbar matsalar ita ce gano masu ita da wuri. Hoton ƙirji yana taimakawa, amma karanta shi sai wanda ya ƙware, kuma ka san yadda likitoci suka yi ƙaranci a ƙasashenmu. A Nijar, in aka raba, mutum dubu goma ba su samun likita ko guda. Waɗanda suka ƙware a karatun hoto kuwa ƴan kaɗan ne, yawancinsu suna manyan birane.

To, an koya wa kwamfuta da hotunan ƙirji masu yawan gaske, na masu tibi da na masu lafiya. Yanzu in an ɗauki hotonka, kafin ka gama sa riga ta duba shi, ta ba da maki, ta nuna wurin da take zargi a huhu. A watan Maris 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan wajen tace masu tibi daga ƴan shekara 15 zuwa sama. Akwai ƙananan na'urorin hoto da ake ɗauka a jaka. A Najeriya an zagaya da irin wannan aiki a mota zuwa unguwanni da ƙauyuka, har da jihar Kano, aka gano mutanen da suka daɗe suna tari ba su san abin da ke damunsu ba.

Ka lura da abin da ke biyo baya. Makin na'ura ba shi ne hukunci ba. In ta yi zargi, sai a karɓi kakinka a auna shi a ɗakin gwaji. Awon kaki ne ke tabbatar da ƙwayar cutar, ya kuma nuna ko irin mai taurin kai ce. Sannan ma'aikacin lafiya ya zauna da kai, ya auna nauyinka, ya tambayi su wa kuke kwana ɗaki ɗaya, ya ɗora ka a kan magani na wata shida, yana bin sawunka har ka gama. Na'ura ta yi aiki guda ɗaya da aka koya mata, an kuma jarraba ta a kansa kafin a yarda da ita, kuma akwai mutum tsaye a bayanta. A ganinmu wannan shi ne amfani da ita bisa hanya.

Haka ma a ciwon sukari, wanda ke cin jijiyoyin bayan ido a hankali har mutum ya makance bai ji zafi ba. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar da ke duba hoton bayan ido ta faɗi wanda ya kamata ya ga likitan ido. A gona ma ta shiga. Akwai wata manhajar waya mai suna Nuru, ta PlantVillage, wadda manomi ke nuna wa ganyen rogo ta gaya masa cutar da ta kama shi, tana kuma gane ɓarnar tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016, kuma tana aiki ko babu intanet. Kamfanin Google yana hasashen ambaliyar manyan koguna kwana bakwai kafin ta zo, a ƙasashe da dama. Wanda ya taɓa kwashe yara da dare ruwa na shigowa ɗaki ya san darajar kwana bakwai.

Inda take kai mutum ta baro

Yanzu mu koma kan mai hira, don ita ce ke aljihun ɗanka.

Mun ce aikinta haɗa kalmomin da suka dace. Sau da yawa abin da ta haɗa daidai ne. Wani lokaci kuma ƙarya ce tsagwaronta, kuma muryar da ta faɗi gaskiya da ita, da ita take faɗin ƙaryar. Mutum in yana ƙarya yakan yi in-ina, ko ya kau da ido. Ita ba ta da idon da za ta kawar. Tana iya ƙago sunan magani, ko sunan littafi, ko adadin ƙwayar da za a sha, ta jera maka su tsaf.

Kada ka ce sai wanda bai yi boko ba take ruɗa. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York suka kai wa alƙali takarda mai ɗauke da tsofaffin shari'o'i don kafa hujja. Da aka bincika, shari'o'in nan ba a taɓa yin su ba, ChatGPT ce ta ƙago su. Alƙali ya ci su tarar dalar Amurka 5,000. A 2025 kuma wasu likitocin Amurka suka ba da labarin wani mutum ɗan shekara 60 da ya so ya daina cin gishiri. Ya ce ya nemi shawarar ChatGPT, daga nan ya sayo wani sinadari mai kama da gishiri ya riƙa ci har wata uku. Sinadarin ya taru a jikinsa ya taɓa masa hankali, har yana zargin maƙwabcinsa da sa masa guba. Sai da ya yi mako uku a asibiti.

Ga wani abu kuma. Yawancin rubutun da aka ciyar da ita na Turanci ne, daga ƙasashen da cututtukansu da abincinsu da asibitocinsu suka bambanta da namu. Hausa tana da masu magana miliyoyi, amma abin da aka rubuta da ita a intanet kaɗan ne. Google ta sa Hausa cikin masu fassararta tun 2013, har yau takan yi tuntuɓe. Mu kuwa kalmominmu na ciwo suna da faɗi. In tsohuwa ta ce tana da “sanyi”, ko an ce yaro yana da “shawara”, ko mutum ya ce “zuciyata ke ciwo” yana nuna saman cikinsa, ma'aikacin da ya girma cikinmu ya san tambayar da zai yi gaba. Na'ura tana iya ɗaukar kalmar a yadda ta zo ta bi wata hanya dabam. Har a hoto akwai wannan. Yawancin hotunan cututtukan fata da aka koya wa irin waɗannan na'urori na farar fata ne, alhali ƙurji a baƙar fata ba ya yin ja kamar yadda littattafan can ke faɗi.

Uwa, ki saurari wannan da kyau. A ce cikin watan Agusta, tsakiyar damina, ɗanki mai shekara biyu ya kwana jiki da zafi. Yayansa ya tambayi waya. Wayar ta ce a ba shi ruwa da yawa, a ba shi farasitamol, a shafa masa ruwa, in bai yi sauƙi ba a ga likita. Maganar ba ta da laifi a bakinta. Amma wayar ba ta ɗora hannu a goshinsa ba. Ba ta buɗe fatar idonsa ta ga ko jini ya ragu ba. Ba ta ƙirga numfashinsa ba, ba ta lanƙwasa wuyansa ta ji ko ya sandare ba. Ba ta san daga garinku zuwa asibiti tafiyar rabin yini ce a amalanke ba, kuma gulbi ya cika. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kayar da ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Awonsa kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san amsa. Hatsarin wayar a nan shi ne ta kwantar miki da hankali ki ƙara kwana a gida.

Adadin magani ma haka. Na yaro da nauyinsa ake auna shi. Farasitamol ɗin nan da kowa ya raina, in ya yi yawa yana lalata hanta. Mace mai ciki akwai magungunan da ba ta sha sam. Waya ba ta ɗora kowa a sikeli ba.

Gani ya daina korar ji

Kakanninmu sun ce gani ya kori ji. A zamanin nan sai an ƙara bincike, don wannan fasaha tana iya ƙera hoto, da murya, da bidiyo na abin da bai taɓa faruwa ba. Ɗan guntun maganar mutum ya isa a kwaikwayi muryarsa, a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba. A farkon 2024 a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfani ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskokin shugabansa da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, suka umarce shi ya tura kuɗi. Ya tura wajen dalar Amurka miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron nan ƙerarru ne, ɓarayi ne a bayansu.

Kai ba ka da miliyoyi, amma kana da bijimi, kana da buhunan wake. Wata rana kana iya samun saƙon murya kamar ta ɗanka da ke Libiya ko Aljeriya, yana kuka, yana cewa an kama shi ko ya yi hatsari, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Kada ka yi gaggawa. Ka kira shi da kanka a lambar da ka saba. In ba ta shiga ba, ka nemi wanda suke tare. Ka yi masa tambayar da ɗan gida kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kakarsa ke kiransa da shi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Maƙaryaci kuwa kullum cewa yake babu lokaci.

Masu tallar magani ma sun samu sabuwar hanya. Za ka ga bidiyon wani da farar riga, ko fuskar wani sananne, yana cewa an samo maganin da ke warkar da hawan jini ko ciwon sukari kwata-kwata cikin mako biyu. Waɗannan cututtuka biyu lallaɓa su ake yi da magani da kula da abinci, shekara da shekaru. Wanda ya ajiye ƙwayoyinsa saboda irin wannan bidiyo yana iya wayewa gari da shanyewar ɓarin jiki. Haka ake yaɗa ƙarya a kan allurar rigakafi, haka kuma ake ƙera maganar da za ta haɗa makiyayi da manomi, ko unguwa da unguwa. Kafin ka tura wa wani saƙo, ka tambayi kanka wa ya fara fitar da shi, kuma me zai samu in ka yarda. In ba ka sani ba, bar shi ya mutu a wayarka.

Aiki, da sirri

Ana yawan tambaya ko na'ura za ta ƙwace aikin mutane. Wasu ayyukan ofis, irin su fassara, da rubuta wasiƙa, da amsa kiran masu ciniki, sun fara sauyawa, kuma matasan da suka yi karatu don su suna da dalilin damuwa. Noma da kiwo da gini da karɓar haihuwa har yanzu hannu suke so. Akwai kuma aikin da ba a gani. A 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Kenya da aka sa su karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama don a tsabtace ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dalar Amurka 2 a awa. Manyan kamfanonin da ke da wannan fasaha yawancinsu a Amurka da Sin suke, can ribar take tafiya. Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta a kan wannan fasaha a Akara cikin Yuli 2024, amma daga takarda zuwa ƙauye akwai tafiya.

Abin da ke hannunka shi ne sirrinka. Abin da ka rubuta wa mai hira ba a cikin wayarka yake tsayawa ba, yana tafiya manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Kada ka sa cikakken sunanka tare da cutarka. Kada ka tura hoton takardar awon wani, ko hoton tsiraicin mara lafiya, ko da yaro ne. Sakamakon awon ƙanjamau ko na ciki amana ne. Mu a asibiti doka ta hana mu faɗa wa kowa ba da izininka ba.

To, a daina tambayarta ke nan?

A'a. Wanda ya iya karatu yana iya samun amfani da ita. Tana iya bayyana maka mene ne hawan jini da sauƙin harshe, ko ta fassara maka takardar da ke cikin kwalin magani daga Faransanci, ko ta taimake ka shirya tambayoyin da za ka yi wa likita. Ka ɗauke ta kamar baƙon da ya yi karatu mai yawa a wata ƙasa, ya iya zance, amma bai taɓa kwana a garinku ba, kuma ba ya jin kunyar faɗin abin da bai tabbatar ba. Irin wannan baƙo ana sauraronsa, sannan a tambayi ɗan gari. Kada ka fara magani, ko ka daina, ko ka sauya adadi, don waya ta ce.

Akwai kuma lokutan da ba a tsayawa tambayar kowa. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na shiga ciki. Jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zazzaɓi. Zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman lokacin zafi da ƙura, lokacin sanƙarau. Mace mai ciki ta ga jini, ko tana ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko naƙuda ta wuce awa 12. Maciji ya sari mutum. A duk waɗannan, aikin waya ɗaya ne: a kira mai mota ko mai babur. Tarin da ya wuce mako biyu ba na gudu da dare ba ne, amma shi ma a zo a auna kaki cikin makon.

In ka riga ka tambayi waya kafin ka zo, kada ka ɓoye. Ba mai yi maka faɗa. Ka nuna wa ma'aikacin da ke duba ka abin da ta rubuta, ka gaya masa abin da aka riga aka sha, da yawansa, da lokacin da aka sha. In da sauran maganin ko kwalinsa, ka sa shi a aljihu ka taho da shi.